Katin da Ke Gaban Takobin Kakanmu

Ƙanena maƙerin azurfa ne a Kasuwar Umdurman, kuma da hannun dama yake riƙe guduma. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san abin da aka ɗora a kan teburina ranar da masu bindiga suka shigo gidanmu. Hannunsa aka fara ɗorawa, sannan aka nemi ransa. Kalma ɗaya ce ta jawo haka, kuma ni na rubuta ta da alƙalamina, bayan an gargaɗe ni.

Mahaifinmu ya sa ni makarantar mishan a Hartum duk da surutun maƙwabta. Da safe in haye kogi in koyi lissafi da Turanci da nahawun Larabci, da yamma in dawo in ɗauki allo. A makarantar akwai wani Fada dogo wanda ba ya ɗaga murya. Idan ka kuskure harafi, sai ya sa ka shimfiɗa hannu a kan tebur, ya buga maka gefen rula a gaɓar yatsa. Bugu ɗaya ga kowane kuskure, ba ƙari, ba ragi. Ban taɓa ƙin sa ba. Daga hannunsa na fito da imanin cewa kowane abu yana da suna guda wanda yake daidai, sauran sunayen duk sakaci ne. Da wannan imani na yi aikin gyaran rubutu a wata maɗaba'a a Hartum har na yi ritaya. Ƙanena kuwa, wanda har yau nake kira Auta ko da yake gemunsa ya yi fari, bai shiga makarantar ba. Maƙerar kawunmu aka kai shi, ya tashi cikin hayaƙi da hayaniyar kasuwa.

Shekaru kaɗan kafin yaƙi na kai matata Alƙahira aka yi mata aikin ido. Likita ya ce mu jira kwanaki kafin a cire bandeji, zaman masauki kuma ya ishe mu. Mai masaukin ya ce mu je mu ga ɗaya daga cikin fadojin sarakunan Masar na da, wadda aka mayar gidan tarihi. Muka tafi, ina riƙe da hannunta, tana kallon duniya da ido ɗaya.

Ba zan ɓata lokaci wajen siffanta fitilun lu'ulu'u da ke rataye a rufi ko farantan azurfa da aka jera ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗakin makamai. Takubba da wuƙaƙe da bindigogin da aka yi wa ado da zinariya, kowanne a kwance a kan jan ƙyalle, a bayan gilashi, an ja igiya tsakaninsa da masu kallo. A gaban kowanne akwai farin kati: lamba, sunan abin, ƙasar da ya fito, da Larabci a sama da Turanci a ƙasa. Ba kalma ɗaya ta banza. Na karanta kati bayan kati ina neman kuskure, kamar yadda na saba, har mai gadin ɗakin ya fara bin mu da ido.

A ƙarshen jerin muka tarar da takobi irin na ƙasarmu, miƙaƙƙe, mai kube na jar fata wanda ya buɗe wajen baki. An zare shi rabi. Matata ta kai idonta mai gani kusa da gilashin, ta daɗe tana dubawa.

"Malam, dubi bakinsa. Ya giɓe a wuri biyu. Wannan ya ci mutum."

"Katin bai faɗi haka ba," na ce mata.

"Katin ai ba ya nan lokacin."

Na ɗauki maganarta a matsayin surutun mara lafiya. Abin da na gani shi ne tsari. Ƙarfen da aka ƙera domin yanka an kwantar da shi, an ba shi lamba da suna, ya zama abin da yaran makaranta ke wucewa ta gabansa a layi. Na tuna takobin kakanmu, wanda yake naɗe cikin tsohuwar darduma a ƙarƙashin gadona, sai na ji kunya.

Kakanmu madugu ne. Shi ya jagoranci ayarin mahajjata daga ƙasar Hausa, a ƙasa, da raƙuma da jakuna, ya kai su ya dawo, sannan ya zauna a Umdurman bai sake komawa yamma ba. Abin da ya bari kaɗan ne: takobin, da sandarsa, da gorar alwala, da tasbaha mai manyan ƙwayoyi. Ina dawowa daga Masar na sa kafinta ya yi mini kabad mai gilashi a ɗakin baƙi. Na shimfiɗa jan ƙyalle, na yanka farin kwali, na fere alƙalami. Na yi katin kamar na fada, Larabci a sama, Turanci a ƙasa. Ban sa Hausa ba, ban kuma rubuta "kakanmu" ba, domin a fada ban ga katin da ya ce "namu" ba.

Sai na zo kan kalmar madugu. Na duba ƙamus uku, na zaɓi ƙa'id, wato shugaba, na haɗa ta da ƙafila, wato ayari. Na rubuta da rubutu mai ado, haruffan suna hawa juna: takobin ƙa'idin ƙafila, lamba ta ɗaya.

Auta ya zo ranar Juma'a bayan masallaci, ya tsaya gaban kabad ɗin yana shan gahawa.

"Yaya, wane ne ƙa'id kuma? Kaka soja ya zama bayan ya mutu?"

"Shugaban ayari ke nan a Larabci."

"A Larabcin wa? Je ka kasuwar raƙuma ka tambayi madugu, kowa zai ce maka habir. Kaka da kansa habir ake ce masa."

"Habir a ƙamus gwani ne, masani. Ba shugaba ba."

"To shi ne ai! Wa zai bi wanda bai san hanya ba? Kai dai saboda ta yi kama da ƙa'ida ne kake son ta. Kai da ƙa'ida, ko matarka ba ka so haka."

"Maganar kasuwa ba ta hawa kati," na ce.

Ya yi dariya har gahawar ta zube masa a jallabiya. Tun daga ranar, in ya shigo gidan sai ya ƙame a gaban kabad ɗin ya sara wa takobin kamar soja.

Da yaƙi ya shigo unguwarmu, wadda take bayan kasuwa, 'yarmu ta zo ta ɗauki uwarta zuwa gidanta a unguwar Alsawra. Ni na ƙi tafiya. Na ce kabad ɗin ba zai shiga raksha ba, wato keken haya mai ƙafa uku, kuma ba zan bar shi ba. Auta ya riga ya kai iyalinsa can, shagonsa kuma ya ƙone tare da layin maƙera, bai tsira da komai ba sai jakar kayan aikinsa. Da ya ji na ƙi, sai ya zo da jakar ya ajiye a ɗakin baƙi.

"In na bar ka kai kaɗai, wa zai riƙa yi maka musu?" in ji shi.

Muka yi makonni ba wuta, ruwa sai wanda muka turo a amalanke daga rijiyar masallaci. Gawar wani maƙwabcinmu ta yi kwana biyu a bakin titi kafin harbi ya lafa mu ja ta cikin gidansa mu binne a tsakar gida.

Wata rana da hantsi masu bindigar suka zo. Ba zan faɗi ko na wane ɓangare ba ne, domin ba su gabatar da kansu ba, ni kuma ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Su huɗu ne. Ba su ƙwanƙwasa ba, sun harbi kwaɗon ƙofa ne. Shugabansu siriri ne, rana ta ƙona shi, ya rufe rabin fuska da rawani, dugadugansa sun tsattsage kamar na wanda ya tashi yana tafiya a rairayi. Suka tura mu ɗakin baƙi, suka farke katifu, suka zazzage jakar Auta a kan teburina. Shugaban ya tsaya gaban kabad ɗin, ya fasa gilashin da gindin bindiga, ya ɗauki katin maimakon takobin. Ya kai shi kusa da fuska, leɓɓansa suna motsi a hankali.

"Ga'id," ya ce, da irin lafazinsu. Ya sake dubawa. "Ga'id al-firga."

Firƙa runduna ce ta soja. Ya karanta kalma ta biyu ba daidai ba, rubutuna mai ado ya ruɗe shi. Ya ɗago kai ya dube ni, tsoho mai tabarau, ya wuce ni. Ya dubi Auta, mai faɗin kafaɗa, da aski ƙwal, da tabon ƙuna a damatsa, a tsaye miƙe kamar yadda ya saba tsayawa gaban wuta.

"Kai ne kwamandan? Ina kakinka? Ina sauran makaman?"

Kafin Auta ya buɗe baki na riga shi. Na faɗi abin da na yi shekaru ina faɗa wa masu jera haruffa a maɗaba'a, da muryar da nake faɗa musu.

"Ba firƙa ba ce, ƙafila ce. Ka sake dubawa. Ɗigo biyu ne a kan harafin farko, ba ɗaya ba."

Ɗaya daga cikin mutanensa ya yi dariya. Gajeriyar dariya ce, ta hanci, ya haɗiye ta nan take, amma kowa ya ji. Shugaban bai taɓa ni ba. Ya juya ya kai wa Auta gindin bindiga a muƙamuƙi. Na ji ƙarar ƙashin. Auta ya faɗi a kan gwiwoyinsa, jini da haƙori suka zubo a kan tabarma.

"Madalla, ustaz, ka gyara mini," in ji shugaban. "Kwamandan ayari. Ayarin motoci nawa? Ina suka nufa?"

Sai a lokacin na tuna cewa a bakin mayaƙa ƙafila jerin motocin soja ce. Auta ya ɗago kai yana ƙoƙarin magana, muƙamuƙin ya karkace, abin da ya fito gurnani ne kawai. Amma ni na tashi da muryarsa a kunnena, na gane. Da Hausa yake cewa, "Yaya, faɗa musu." Ɗayansu ya shure shi a ciki, ya ce kada a sake yi musu wani yare.

Na san kalmar da yake nufi. Tana kan harshena. Na yi ta bincikar zuciyata a kan wannan wuri, kuma ba zan yi mata ado ba. Ban manta kalmar ba, tsoro kuma bai ɗaure mini baki ba. Na ɗauka cewa idan na yi bayani sosai za su fahimci cewa katin daidai yake. Sai na fara bayani da Larabcin littafi, da cikakken i'irabi, cewa lafazin ƙa'id a asalin lugga yana nufin duk wanda ya ja wasu a bayansa, ko da dabbobi ne.

"Ku ji shi," in ji wanda ya yi dariya ɗazu, yana neman ya wanke kansa. "Kamar rediyon gwamnati. Wallahi gidan manya ne."

Suka ja Auta zuwa teburina, teburin da na rubuta katin a kansa. Biyu suka danne shi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan katako. Shugaban ya duba kayan aikin da suka zazzage, ya zaɓi guduma, ƙaramar nan mai santsin kai da Auta yake daddale azurfa da ita, wadda ƙotarta ta lotsa daidai wurin babban yatsansa.

"Motoci nawa?"

"Babu mota, ya ɗana. Mai takobin ya rasu tun kafin a haife ka. Lafazin..."

Ya buga a kan manuniya. Auta ya yi wani sauti da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, domin bakin ba ya buɗuwa, ihun ta hanci ya fito.

"Motoci nawa?"

Na ce ya duba layin Turancin da ke ƙasa, zai ga abin da ake nufi. Har yau ban san abin da ya sa na faɗi haka ga mutumin da Larabci ma da ƙyar yake haɗa baƙinsa ba. Ya buga a kan na tsakiya. Farcen ya tashi, jini ya fantsamo a kan tabarauna. Ya buga na uku ba tare da ya yi tambaya ba.

Daga nan ya jefar da gudumar a kan teburin, ya ce su fitar da shi tsakar gida. Suka ja shi ta wuyan jallabiya, ƙafafunsa suna jan ƙasa, suka durƙusar da shi a gindin bishiyar darbejiya, fuskarsa tana kallon bango. Shugaban ya ɗana bindiga, ya ɗora bakinta a ƙeyarsa.

Na bi su da rarrafe. Na kama ƙafar mutumin, tsattsagaggiyar dugadugin nan, na yi ihu da Larabcin kasuwa, irin wanda na hana 'ya'yana yi a gidana.

"Habir! Habir ne, wallahi! Kakanmu ne, habir! Ni na rubuta ba daidai ba!"

Bai ɗauke bindigar ba, amma ya sunkuyo ya dube ni.

"Habir na raƙuma?"

"Na raƙuma da jakuna da mahajjata. Daga yamma ya kawo su, a ƙasa. Ga sandarsa can, ga gorarsa. Wannan ƙanena ne, maƙeri ne, dubi gudumarsa, dubi hannunsa."

Ya aika ɗaya ya ɗauko sandar. Ya juya ta a hannu, ya shafa wurin da igiyar raƙumi ta ci itacen, ya shinshina ta. Abin da ya gani a jikinta ya fi katina bayani. Ya ɗage bindigar daga ƙeyar Auta.

"Habir ba a ce masa ga'id. Ko yaron da ke kiwo ya san haka. Me ya sa ka rubuta ga'id, tsohon banza?"

"Jahilci ne," na ce.

"Sake faɗa, su ji."

Na sake faɗa da ƙarfi. Ya ciro katin daga aljihu, ya miƙo mini, ya ce in ci. Kwali ne mai kauri, na zaɓe shi ne domin ya daɗe. Na yayyaga shi da haƙora, na tauna, tawadar tana ɗaci, suna tsaye suna kallo har na haɗiye na buɗe baki suka duba. Suka ɗauki takobin da azurfar da ta rage a jakar Auta. Sandar kuwa, shugaban ya jingina ta da bango a hankali kafin ya fita.

Na naɗe hannun Auta da jan ƙyallen kabad, na ɗaure masa muƙamuƙi da rawanina. Na sauke jarkokin ruwa daga amalanke, na kwantar da shi a ciki, na sa sandar da gudumar a gefensa. Daga bayan kasuwa zuwa Alsawra tafiya ce da raksha take yi kafin shayi ya huce. Ni na tura shi daga azahar har rana ta yi ja, ta lunguna, ina tsayawa duk inda na ji harbi. Ƙudaje suka bi mu. Kowane rami muka faɗa sai ya yi wannan sautin ta hanci, ni kuma da sautin nake sanin yana da rai.

Matata ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi amalanken, ta dubi bakina da tawada ta baƙanta, ta kama amalanken muka shigar da shi. Wani likita da ke unguwar ya ɗaure muƙamuƙin da waya, ya yanke manuniya daga gaɓa ta biyu. Sauran yatsu biyun sun warke a sandare, ba sa lanƙwasuwa.

Makonni Auta yana shan kunu ta tsinken roba, ba ya magana. A cikin makonnin nan na shirya abin da zan faɗa masa. Na tsara jimlolin a kaina, na gyara, na sake gyarawa. Ranar da aka cire wayar na zauna a bakin gadonsa, na ce, "Auta, ina da magana."

Ya motsa bakin a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi.

"Yaya, katin nan, da gishiri ko babu?"

Kuka ya ƙwace mini. Ya bar ni na yi kukana, sannan ya ce in ɗauko gudumar, hawaye ba ya daddale azurfa.

Yanzu muna zama a ƙofar gidan 'yata da safe. Matan unguwa suna kawo abin hannu da ya lanƙwashe ko zoben da ya tsage. Auta yana riƙe awartaki da hagu, yana juya ƙarfen a kan ƙaramar uwar maƙera, ni kuma ina bugu inda ya nuna. Ƙotar gudumar ba ta zauna a hannuna ba, lotsawar ta babban yatsansa ce. Ina kuskure sau da yawa, kuma ba ya barin ko ɗaya ya wuce.

"Ba nan ba, ya ƙa'id! Nan. Ɗigo biyu ne ko ɗaya? Sake."

Sai in sake.